Yadda Ake Zaɓen Likita Idan An Ji Rauni a Wurin Aiki a Niyok

Shekaru ke nan ina raka 'yan'uwa asibiti da ofishin lauya a Bronx, cikin birnin Niyok (New York) na Amurka, ina yi musu tafinta: masu aikin sito, leburorin gini, mata masu kula da tsofaffi a gidaje, masu wanke-wanke a gidajen abinci. Waɗanda na ga haƙƙinsu ya salwanta, yawancinsu tun a makon farko ya salwanta, a ɗakin likita, kafin wani alƙali ya taɓa jin sunansu. Wani, oga ne ya sa shi a mota ya kai shi asibitin da kamfani ke hulɗa da shi, aka ba shi ƙwayar rage ciwo da takardar komawa aiki washegari. Wani kuma gida ya wuce ya shafa man zafi, ya ce bari ya gani zuwa Litinin.

Abin da mutane ke kira "wokas kom" inshora ce ta diyyar wanda ya ji rauni a wurin aiki, da doka ta wajabta wa kusan duk mai ɗaukar ma'aikata ya saya. Jihar Niyok tana da wannan doka tun 1914, bayan gobarar masana'antar ɗinki ta Triangle da ta ci mutum 146 a 1911. Ba a tambayar laifin wa. Ko kai ne ka yi sakaci ka zame, za a biya. Ana biyan kuɗin magani gaba ɗaya, sannan ana biyan wani kaso na albashin da ka rasa. Ga lissafin: kashi biyu cikin uku na matsakaicin albashinka na mako, a daidaita shi da yawan gazawar da likita ya rubuta. Mai ɗaukar dala 1,200 a mako, in likita ya ce ba ya iya aiki sam, dala 800 zai riƙa karɓa. In aka rubuta rabi, 400. Ka ga ke nan alƙalamin likita ne ke yanka maka abin da za ka biya haya da shi, shi ya sa zaɓensa ba abin da za ka bar wa oga ba ne.

Kowace jiha a Amurka da dokarta. Ta Niyok zan bi daki-daki don ita na fi gogewa da ita, sauran kuma zan taɓo su daga baya.

Abubuwan da za ka tanada

- Ƙaramin littafi da biro, ko wayarka, don rubuta rana, lokaci, da sunan duk wanda ka yi magana da shi.
- Ainihin sunan kamfanin da ke biyanka, kamar yadda yake a takardar albashi. Sau da yawa sunan da ke jikin ginin daban, na kamfanin da ya turo ka daban.
- Sunan kamfanin inshorar mai aikinka, wato wanda ya ɗauke ka aiki. Doka ta ce a manna shi a wurin aiki, a wata takarda mai lamba C-105, galibi kusa da inda ake buga katin shiga. Ɗauke ta hoto yau, tun kana lafiya. In babu ita, shafin Hukumar Diyyar Ma'aikata ta jiha yana da inda ake sa sunan kamfani a ga inshorarsa.
- Takardun albashi na makonni 52 kafin raunin, don da su ake fitar da matsakaici. Wanda ake biya a hannu ya tattara abin da yake da shi: saƙonnin da oga ke turo jadawalin aiki, shaidar kuɗin da yake sa wa a banki, hoton ambulan ɗin albashi.
- Sunaye da lambobin abokan aikin da abin ya faru a gabansu.
- Fom C-3, wanda da shi ake shigar da buƙata.
- Jaka guda da ba a sa komai a ciki sai takardun wannan magana.
- Babban mutum mai jin Turanci sosai. Kada ka ɗauki ɗanka ɗan makaranta ya yi maka tafinta. Akwai ciwon da uba ba zai faɗa a gaban ɗansa ba.

Mataki na 1: In abin na gaggawa ne, tafi asibiti mafi kusa

Karaya, jini, bugu a ka, numfashi na sarƙewa: a nan babu zancen zaɓe, kowane asibiti ya halatta. Abu biyu kawai za ka riƙe. Na farko, tun daga teburin karɓa ka ce a wurin aiki ka ji ciwon, ka maimaita wa nas, ka maimaita wa likita. Kada ka miƙa katin Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati, ko inshorar lafiyarka a matsayin mai biya. Akwai ogannin da ke cewa "ka ce a gida ka faɗi, ni zan biya komai." Na ga wanda ya yarda da haka, an biya masa ziyara biyu, da hoto ya nuna sai an yi aiki a gwiwa sai wayar oga ta daina shiga, takardar asibiti kuwa tana nan tana cewa a matakalar gidansa ya faɗi.

Na biyu, lissafa duk inda ke ciwo. Wanda ya faɗo daga tsani hankalinsa na kan hannun da ya karye, ya manta da ƙugu da wuya. Bayan wata biyu ƙugun ya hana shi barci, kamfanin inshora ya ce ai ba ya cikin takardar farko.

Mataki na 2: Sanar da mai aiki a rubuce

Kwana 30 doka ta ba ka, amma yi a ranar. Saƙon waya ma ya fi baki: rana, lokaci, wuri, abin da ya faru, gaɓoɓin da suka taɓu. Ɗauki hoton saƙon ka ajiye. Ciwon da ya taru a hankali, irin na mai ɗaga tsoho daga gado zuwa keke kullum, a sanar da zarar likita ya ce aikin ne ya jawo shi.

Mataki na 3: Gano ko akwai jerin likitocin da aka ɗaure ka da su

Asalin doka a Niyok shi ne kai ke zaɓen likitanka, muddin yana cikin waɗanda Hukuma ta ba izinin duba masu raunin aiki. Mai aiki yana iya ba ka shawara, amma ba shi da ikon tilasta maka, kuma akwai fom na musamman, C-3.1, da ke bayyana cewa zaɓi naka ne ko da ya ba da shawarar.

Togaciya ɗaya ce babba. Wasu kamfanoni sun ƙulla yarjejeniya da rukunin likitoci da ake kira PPO. In naka yana ciki, dole ka fara da likitan rukunin. Ko a nan ɗin ma kai za ka zaɓa daga jerin, ba oga zai nuna maka mutum ɗaya ba. Bayan kwana 30 daga ziyarar farko kana da damar fita ka koma wurin duk likitan da Hukuma ta yarda da shi. Rubuta wa kamfanin inshora cewa ka fita. Don haka in oga ya ce "dole ka je asibitin kaza," kada ka yi musu, ce masa ya ba ka a rubuce cewa PPO ne. Sau da yawa a nan zancen ke mutuwa.

Mataki na 4: Zaɓi likitan

Shafin Hukuma yana da wurin neman likitoci masu izini. Ana sa lambar unguwa da irin ƙwarewar da ake so. Likitan iyalinka da kuka saba, mai yiwuwa ba ya ciki, da yawa ba sa son wahalar takardun. Tambaye shi kai tsaye. In ba ya yi, ya ci gaba da duba hawan jininka da sukarinka, raunin aiki kuma a kai wa wani.

Nemi wanda ciwon ya dace da shi: likitan ƙashi don gwiwa, kafaɗa da gadon baya, likitan jijiya in akwai bugun kai ko hannu na mutuwa. Tun farkon 2020 an faɗaɗa jerin, har manyan nas masu lasisin duba marasa lafiya da masu gashin ƙashi suna iya samun izini. Sai dai a kula: takardar mai gashin ƙashi ba ta tsaya maka shaida cewa aiki ne ya jawo ciwon ko cewa ba ka iya aiki. Na ga wata baiwar Allah da ta yi wata huɗu tana zuwa gashi sau uku a mako ba fashi, tana zaton tana kan hanya, ashe babu rahoton likita ko ɗaya a fayil ɗinta.

Kafin ka yi alƙawarin zuwa, kira ofishin ka yi waɗannan tambayoyi. Suna karɓar sababbin masu raunin aiki yanzu? Likita ɗaya ne zai riƙa ganina, ko duk wanda aka samu? Wa ke tura rahoto ga Hukuma, kuma cikin kwana nawa? Kuna da tafinta ta waya? Yadda sakatariya ta amsa tambaya ta uku shi ke gaya mini komai. In ta amsa nan take, ofishin ya san aikin. In ta ce "bari in tambaya," sai in ci gaba da nema.

A ganina akwai iri biyu da ya kamata a guje wa. Akwai asibitin da kamfani ke aika duk ma'aikatansa, wanda kowa ya fito da takardar "ya warke." Akwai kuma kishiyarsa, inda za ka tarar da mutum arba'in a ɗakin jira, likita ya gan ka minti uku, a rubuta wa kowa gazawa ɗari bisa ɗari da kalmomi iri ɗaya. Na biyun yana da daɗin ji a farko, amma alƙalan Hukuma sun san waɗannan rahotanni, ba sa ba su nauyi. Wanda kake nema shi ne likitan da zai taɓa wurin da hannunsa, ya auna iya inda kafaɗar ke ɗaguwa, ya rubuta adadin.

Duba nisa kuma. Za ka yi ta zirga-zirga wata da watanni, wataƙila da sanda, cikin sanyin Janairu. Mace da ta fi son likita mace ta faɗa tun a waya. Babu abin kunya a ciki, kuma ya fi ta je ta kasa buɗe wurin da ke ciwo.

Mataki na 5: Ziyarar farko

A nan ne tarbiyyarmu ke cutar da mu. Likita ya ce "yaya jiki?" Bahaushe ya ce "da sauƙi, alhamdu lillahi," ko da daren jiya a zaune ya kwana. Tafinta ya juya shi yadda ya ji, likita ya rubuta cewa majiyyaci ya ce yana samun sauƙi, bayan wata shida lauyan inshora ya karanta wannan layin a gaban alƙali. Gode wa Allah a zuciyarka, sannan ka ba likita labari irin wanda yake iya rubutawa: ba na iya tsayuwa fiye da minti goma, sallah a kan kujera nake yi don ba na iya ruku'u, ba na iya ɗaukar jarkar ruwa, ciwon yana sauka daga ƙugu zuwa babban yatsan ƙafar hagu. Kada ka rage, kada ka ƙara.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. In ka taɓa jin ciwo a wannan gaɓar, ko a haɗarin babur ne a gida shekara goma da suka wuce, faɗa. Tsohon ciwo ba ya hana diyya in aiki ya tayar da shi ko ya ƙara shi, akwai ma fom C-3.3 da ake cikewa dominsa. Ɓoyewa ce ke kashe magana, don doka ta ba alƙali ikon yanke wa mutum kuɗin diyya in ya yi ƙarya da gangan.

Kafin ka fita, tabbatar rahoton ya ƙunshi abu uku: cewa aiki ne sanadin ciwon, ko kana iya aiki ko ba ka iyawa, da yawan gazawar a lissafin kashi cikin ɗari. Karɓi kwafi, da takardar da za ka kai wurin aiki. In an ce ka koma aiki mara nauyi, a rubuta iyakarsa, misali nauyin da ba za ka wuce ba, in ba haka ba za ka tarar "mara nauyi" a wurin oga shi ne aikinka na da.

Ba a biyan ko sisi a wurin likita, babu wani ɗan kason da ke kanka. Za a ba ka fom A-9 ka sa hannu. Abin da yake cewa shi ne kuɗin na iya dawowa kanka in aka yanke cewa raunin ba na aiki ba ne, ko ka yi watsi da maganar. Wannan ba tarko ba ne, sa hannu.

Mataki na 6: Shigar da C-3

Shekara biyu ce iyaka, amma yi a makon farko, ta intanet ko ta gidan waya. Kada ka dogara da cewa kamfani ya kai rahoto. Gaɓoɓin da ka lissafa a fom su zo daidai da waɗanda ka gaya wa likita. Lambar fayil da za a turo maka, kai wa ofishin likita. Ka sani kuma ba a biyan albashin kwana bakwai na farko sai in zaman ya wuce kwana 14.

Mataki na 7: Hoto da magani

'Yancin zaɓen likita bai kai nan ba. Kamfanin inshora yana iya cewa a wurare kaza za a yi hoton MRI, kuma a kantuna kaza za a karɓi magani, muddin ya sanar da kai a rubuce. Bi abin da takardar ta ce. Wasu ayyukan, kamar tiyata, sai likita ya nemi izini tukuna ta na'urar Hukuma. Aikinsa ne, ba naka ba, naka shi ne ka kira bayan mako guda ka ji ko an tura. Ajiye rasit na jirgin ƙasa, bas da tasi, ana mayar da kuɗin da fom C-257.

Mataki na 8: Kada kwana 90 su wuce ba ka ga likita ba

Muddin kana karɓar kuɗin zaman jinya, ana buƙatar sabon rahoto aƙalla duk kwana 90. Inda mutanenmu ke faɗawa shi ne tafiya gida. Mutum ya gaji da zaman ɗaki, ya ce bari ya je Kumasi ko Yamai ko Kano wata huɗu, ya ga iyali, a gwada na gargajiya. Ya dawo ya tarar an tsayar da biya. In tafiyar ta zama dole, ga likita dab da tashi, sa ranar ziyara ta gaba kafin ka hau jirgi, kuma lauyanka ya sani. Da azumi, gaya wa likita kana azumi ya gyara maka lokutan shan magani; ya fi ka daina sha a ɓoye.

Mataki na 9: Likitan kamfanin inshora

Wata rana wasiƙa za ta zo cewa ka je wani likita ya duba ka, abin da ake kira IME. Sunan yana nufin bincike mai zaman kansa, amma inshora ce ta zaɓe shi, ita ke biyansa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba likitanka ba ne, ba zai ba ka magani ba, kuma zuwa wurinsa bai canza likitanka ba. Dole ka je, don ƙin zuwa na iya sa a dakatar da kuɗinka.

Haƙƙoƙinka a nan: a sanar da kai aƙalla kwana bakwai na aiki kafin ranar, ka je da mai rakiya, ka ɗauki binciken a bidiyo in kana so, kuma a aiko maka da kwafin rahoton. Ni in na raka mutum, nakan rubuta lokacin da likita ya shigo da lokacin da ya fita. Na taɓa rubuta minti huɗu, rahoton kuwa ya zo shafi shida. Ka ɗauka ana kallonka tun daga bakin titi, yadda ka sauko daga mota da yadda ka zauna. Rahoton na zuwa, kai wa likitanka ya karanta ya ba da amsa a rubuce. In ra'ayin biyu ya saɓa, alƙalin Hukuma ne ke raba gardama, kuma a nan ne likitan da ya auna ya rubuta adadi ke amfaninka.

Mataki na 10: In likitan bai yi maka ba

Kana da damar canzawa zuwa wani mai izini. Dalilan da na ga sun isa: rahoto ba ya zuwa kan lokaci, ba ya sauraronka, ko ya ƙi tura ka wurin ƙwararre. Samu sabon tukuna, karɓi kwafin fayil ɗinka da faifan hotuna, sannan ka bar tsohon, don kada giɓi ya shiga. Sau ɗaya ko biyu babu laifi. Wanda ya canza biyar, sai a fara cewa neman mai rubuta masa abin da yake so yake yi.

In wani abu ya rasa

Mai aiki ba shi da inshora: shigar da C-3 duk da haka, jiha tana da asusu na musamman don irin wannan. Ba ka da takardun zama: dokar Niyok ba ta hana ka magani da diyya ba. In da sunan wani kake aiki, kada ka cike komai sai ka zauna da lauya ka gaya masa gaskiya. An ce kai ɗan kwangila ne ba ma'aikaci ba: ba oga ke yanke wannan ba, Hukuma ce. Direbobin Uber da Lyft da na wasu motocin haya na kira suna da nasu asusun, Black Car Fund, wanda aka kafa a 1999. An yi maka barazanar kora don ka nemi diyya: haramun ne a sashe na 120 na dokar, ana kai ƙara da fom DC-120 cikin shekara biyu. Ba ka da kuɗin lauya: ba a biyansa daga aljihu, alƙali ne ke yanka masa lada daga abin da aka ba ka. Tafinta a zaman Hukuma kyauta ne, ka nemi na Hausa tun kafin ranar.

In ba a Niyok kake aiki ba

Tsallaka kogi kawai, doka ta juya. A New Jersey mai aiki ko inshorarsa ne ke zaɓen likita, in ka je naka ba izini, ban da gaggawa, kuɗin na iya zama a kanka. Mazauna Bronx da yawa a sitocin can suke aiki. Irin wannan ya tambayi lauya ko maganarsa na iya shiga Niyok, don inda aka ɗauke shi aiki yana da tasiri. A Pennsylvania, in kamfani ya manna jerin masu magani aƙalla shida kuma ya sanar da kai yadda doka ta ce, da su za ka yi kwana 90 na farko. A Jojiya ma jerin shida ne, kana iya canzawa sau ɗaya a cikinsa ba tare da neman izini ba. A North Carolina, inda 'yan Nijar ke da yawa a Greensboro, mai aiki ne ke jan ragamar magani, canji sai da yardarsa ko ta hukumar jihar. Fulorida inshora ke zaɓa, kai kuma kana da canji ɗaya tak, wanda ake nema a rubuce. Illinois ta ba ka zaɓin likita har biyu, da duk waɗanda suka tura ka wurinsu.

Kalifoniya tana da wata ƙofa da ba kowa ya sani ba. In kana da inshorar lafiya ta kanka, kana iya rubuta wa mai aikinka sunan likitanka tun kafin wani abu ya faru, likitan ya amince, to ranar da tsautsayi ya zo wurinsa za ka nufa kai tsaye. Fom ɗin DWC 9783 ne, shafi ɗaya, kuma ba ya aiki sai in an miƙa shi kafin raunin.